Alƙalamin da ke Saman Ƙofar Gwaggo

Gwaggo ta rasu da hantsi ranar da ake sussukar gero a bayan gida, kuma kafin azahar gidan ya cika har mata suna zama a kan turame. Yayar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma ita ce ta yi wa ƙauyenmu na ƙasar Kunci rubutu tun ban san damata da haguna ba. Yaran gidan ne suka zaunar da ni rubuta wannan. Su a wurinsu Gwaggo tsohuwa ce mai faɗa a kan a rufe randa, mai ɓoye ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin filo. Ba su san an yi lokacin da gari guda yake kallon hannunta gabansa na faɗuwa ba.

Masu gaisuwa kowa da Gwaggon da ya sani. Wata tsohuwa daga unguwar maƙera ta shigo tana dogara sanda, ta zube a tsakar gida tana kuka tana cewa, "Ita ta rubuta min takardar da ta dawo min da maigidana daga Kurmi. Ya dawo ya ishe ni har ya mutu, Allah ya jiƙansu su biyun." Aka rasa dariya za a yi ko kuka za a taya ta, aka yi duka biyun. Tsohon direban da yake kai mana takardu Dawanau a da, yanzu ido ya tafi, sai jawo shi aka yi har ƙofar zaure. Ya aiko a gaya wa mutanen gida, shi akwai takardar Gwaggo da in ya karɓa ba ya iya cin komai a hanya sai ya rabu da ita. Wata amarya kuwa, da waya a hannunta, ta matso kusa da ni ta ce, "Anti, wai da gaske Gwaggo ta iya rubutu?" Allah ne ya rufa mata asiri, ranar ba ta faɗa ba ce.

Da aka gama yi mata wanka aka sa ta a likkafani, matar liman ta fito bakin ƙofar ɗakin ta ɗaga murya. "Jama'a, za a fita da ita. Duk wadda ke da wani abu a ranta, ta yafe mata tun tana cikin gida."

Tsakar gida ta amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana."

Inna, mahaifiyata, ba ta amsa ba. Tana zaune a kan 'yar kujera dab da ƙofar, hannunta a kan gwiwa, idonta a sama wajen azarar da ke kan ƙofa. Matar liman ta jira, ta sake jira, sannan ta rage murya ta ce, "Innar yara, ba mu ji bakinki ba."

Inna ta ce, "Ku ɗan dakata."

A garinmu ba a ce wa gawa ta dakata. An gama kabari, makara tana zaure, maza suna ta gyaran murya a waje. Ƙananan matan suka fara kallon juna. Tsofaffin kuwa kowacce ta sunkuyar da kai, don sun san abin da Inna take kallo, ni ma na sani. Wani guntun kara ne soke a jikin azara, ya yi baƙi da hayaƙi. Idan Inna ba ta buɗe baki ba kafin a ɗaga makarar nan, to Gwaggo za ta kwanta da nauyin da ta ɗauka tun ina yarinya, Inna kuma ta ci gaba da ɗaukar nata har tata ranar.

Bari in koma baya, don wanda bai san Gwaggo ba ba zai gane abin da ya sa guntun kara ya tsayar da jana'iza ba.

Kakanmu malami ne, kuma ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai ya zaunar da 'yarsa ya koya mata duk abin da ya sani. Ta sauke, ta iya ajami, ta iya haɗa tawada da bagaruwa da ƙaro. Da aka haifi Baba daga baya, a hannunta ya koyi ɗan abin da ya koya, kuma har ya mutu yana tuna ranƙwashinta. An kai ta aure Minjibir, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya tsaya. Ta dawo gida da gafakar littattafai da kurtun tawada, ta ce ita ta gama aure, duk mai so ya je ya yi. Aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu, a nan ta zauna har aka fitar da ita.

Ni "Uwata" take ce min, don sunan mahaifiyarsu aka sa min. Amma kada wannan ya ruɗe ku, uwar tata ta sha tsinken tsintsiya a hannunta.

Mata ne suka fi zuwa wurinta, tunda ba za su je zaure su zazzage wa namiji cikinsu ba. Mace ta shigo ta zauna ta fara, "Ki ce ina gaishe shi," sai Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya tukuna. Me kike so takardar nan ta je ta yi?"

"Ta je ta yi kamar yaya, Gwaggo?"

"So kike ya sani, ko so kike ya gani, ko so kike ya taso? Ba hanyarsu ɗaya ba."

Sai an yi wannan shari'ar kafin ta tsoma alƙalami. Idan labari ne, ta jero shi daga farko, abin da ya fara faruwa shi ne a gaba, ba ta yarda a fara mata daga tsakiya. Idan bayani ne, kamar matar da mijinta ya tafi bai san yadda aka raba gonar gado ba, ta bi shi daki-daki, daga gawon gabas zuwa tsohuwar rijiya, har wanda bai taɓa taka gonar ba ya iya nuna iyaka. Akwai wanda take cewa na ajiya, wato haihuwa da aure da shaidar iyaka, shi ba ya zuwa ko'ina, gafaka yake shiga. Na allo kuwa, wanda ake wankewa a sha, alƙalaminsa daban, kuma ba ta taɓa shi sai da alwala. Duk abin da ta rubuta sai ta karanta wa mai shi da ƙarfi, ta ce, "Haka kika ce ko ba haka ba?"

Mai zuwa da zagi kuwa ba ta samun rubutu ranar. Gwaggo ta saurare ta tsaf har ta gaji, sannan ta ce tawada ta yi ruwa, ta dawo gobe. Mun san tawada lafiyarta ƙalau. Gobe matar ta dawo da rabin zagin, Gwaggo ta rubuta rabin rabin.

Ta iya na ban dariya ma, kada a ce kullum fuskarta a ɗaure take. Shekarar da ragon mai unguwa ya kori mai unguwa har cikin masallaci, Gwaggo ta rubuta wa Baba labarin yana cin rani. Ya ce takardar sai da ta zaga duk 'yan garinmu da ke can, har ta yage a wajen ninki. Ta ce min mutumin da ke nesa da gida ba labari kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar ya ji gidan nasu har yanzu ana dariya a ciki.

Duk waɗannan da siririn alƙalami na gamba take yin su, rubutu ƙanana a jere kamar tafiyar tururuwa. Guda ɗaya ne ba ya zama cikin 'yan'uwansa. Shi na karan dawa ne, mai kauri, bakinsa da faɗi, kuma wurinsa saman ƙofa. Da shi take rubuta rasuwa, ba ta rubuta komai da shi sai rasuwa. A wurin mahaifinta ta gaji wannan. Shi ya ce a riƙa rubuta mutuwa da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ɗan guntun karatu zai haɗa da kansa, don kada mutum ya ji rasuwar uwarsa a bakin baƙon da ya roƙa ya karanta masa. Layi uku ne ko huɗu, salati, sunan mamaci, ranar da aka yi masa sutura, sai "ka zo". Idan bakin alƙalamin ya cinye ta feƙe wani ta mayar wuri ɗaya. A hankali duk ɗan garinmu da ke nesa ya san shi. Tun kafin a warware takarda, kaurin tawadar da ya huda baya ya gama gaya masa.

A shekarun lafiya sai a daɗe ba ta miƙa hannu sama ba. Har gizo-gizo yake yi masa saƙa.

Sai shekarun fari suka zo. Mu ƙasarmu gona jikin gona take, babu dajin da za a ce a shiga a nemi wani abu, abin da gonarka ta ba ka shi ne naka. Damina ta zo ta yi yayyafi ta ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Aka ce ta baɗi. Ta baɗin ma haka. Abin da na fi tunawa shi ne shirun safe. Garin da ake tashi da ƙarar daka ta kowace kusurwa, sai ka wayi gari ba turmi ko ɗaya da ke magana. Aka koma tafasa da dusa, aka bi ganyen da a da akuya kaɗai ke ci. Ungulaye suka tare a kan kukar bayan gari, da safe suna nan, da yamma suna nan, mu yara muka daina bi ta wajen.

Maza suka tafi cin rani, lokacin shuka ya yi ba su dawo ba, don babu abin da za su dawo su shuka. Baba ma ya tafi Kurmi dako. Gidan ya rage daga Gwaggo sai Inna sai mu. Kuma a shekarun nan gizo-gizo bai ƙara samun sukunin yin saƙa a saman ƙofa ba. Idan muka ga mace ta shigo ba sallama mai ƙarfi, sai mu bar wasa mu zuba wa hannun Gwaggo ido. Ta jawo siriri, mu ci gaba da wasa. Ta miƙe tsaye, kowa ya nemi bayan uwarsa.

Yunwa ta koya wa mutane wata dabara. A ƙauyukan da ke kusa da mu, har da namu a hannun wasu masu rubutun, aka fara aika wa maza takardar ƙarya. A rubuta wa mutum uwarsa ta rasu, ya baro aikinsa ya taho yana kuka a bayan mota, ya iso ya tarar da tsohuwa a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Ba na zagin matan, wallahi ba na zaginsu, wanda bai ga ɗansa yana lasar murfin tukunya ba ya yi shiru. Amma abin da ya biyo baya shi ne maza suka daina yarda. Akwai wanda uwarsa ta rasu da gaske, ya karanta ya yi tsaki ya ninke takardar. Abu ɗaya ya rage da ba a musu da shi daga nan har Kurmi, shi ne kaurin alƙalamin Gwaggo.

A cikin wannan hali ƙanena ya kwanta. Auta muke ce masa, kuma ko da Inna ta sake haihuwa daga baya, sunan bai tashi daga kansa ba. Bai daɗe da yaye ba, ni nake goyon sa. Ƙyanda ta fara kama shi, ta sake shi, amma jikin bai dawo ba. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja. A bayana na fara jin ya yi sauƙin ɗauka, kuma na tsani wannan sauƙin.

Gwaggo ta rubuta wa Baba ta farko, ta labari: ga ranar da ciwon ya fara, ga abin da aka yi, ga inda ake. Direba ya kai Dawanau ya ba masu motocin hatsi da ke gangarawa kudu. Amsa ta zo da baki, da ɗan ƙullin garin rogo. Wai yana gaida kowa, yana nan tafe da zarar ya haɗa na iri.

Ta biyu ta gani ce. Gwaggo ta shimfiɗa Auta a tabarma a gabanta ta zauna tana kallon sa tun azahar har la'asar, sannan ta rubuta. Da ta karanta wa Inna, sai da na fita daga ɗakin. Ta ce kambun da ka ɗaura masa a damtse yanzu yana zamowa har wuyan hannu. Ta ce idan aka danna ƙafarsa, gurbin yatsa yana zama. Ta ce ya daina kuka, kuma ƙuda yana sauka a gefen idonsa ba ya korewa. Babu kalma ɗaya ta ƙari a ciki, ni shaida ce.

Ta uku ta roƙo ce, kuma Gwaggo ba ta iya roƙo ba, ko gishiri ba ta aika a karɓo mata a maƙwabta. Amma ta roƙi ƙanenta. Ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da nonon uwarsu, ta ce ya bar iri ya taho da abin da ke hannunsa a kai yaron asibitin birni. Tsakanin nan ta sayar da akuyarta, ta goya Auta da kanta ta kai shi ɗakin shan magani a Kunci da ƙafa. Can suka ba da abin da suke da shi suka ce wannan sai birni. Rabon tuwonta kuwa, in an samu an tuƙa, a bakin Auta yake ƙarewa, ta ce ita azumi take.

Baba bai zo ba.

Ranar da aka yi faɗan, da la'asar ce, ina zaune a bakin rumbu da Auta a cinyata. Inna ta zo ta tsaya a ƙofar Gwaggo. Inna mace ce mai kunya, ban taɓa jin ta ɗaga wa yayar mijinta murya ba.

Ta ce, "Yaya, ki ɗauko na saman."

Gwaggo ta ɗago kai. "Me kika ce?"

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki rubuta gaskiya, ki ce yana da rai, ki ce ya zo. Amma ki rubuta da wancan. In ya ga kaurin zai taso kafin ya karanta."

"Alƙalamin ma magana ne, Innar yara. In na ɗauko shi na riga na ce ya mutu."

"To ki ce! Ki ce, in dai uban zai zo!"

"Ba zan rubuta wa mai numfashi da shi ba."

Inna ta durƙusa. Wallahi ta durƙusa a ƙasa, ta kama ƙafar Gwaggo. "Yaya, sau ɗaya. Babu wanda zai sani."

"Shi zai sani. Ya zo ya tarar da yaro da rai, ya koma ya faɗa, shi kenan na zama kamar sauran. Matan garin nan ba su da abin da ya rage musu sai wannan karan. In uwar wani ta mutu gobe, da me zan kira shi?"

"Ina ruwana da uwar wani? Ɗana ne a kwance!"

Gwaggo ta ce, "Zan sake rubuta masa. Zan sayar da tasoshina, ranar kasuwa mu hau mota mu kai shi birni da kanmu."

Inna ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Ta ce, "Da kin taɓa raya ɗa, da kin ɗauko." Maganar nan ta fi mari, kuma Inna ta san ta fi. Gwaggo ta jawo siririn alƙalami ta fara feƙe shi, alhali bakinsa lafiya lau.

Auta bai kai ranar kasuwa ba. Da safe ne, rana ta ɗan ɗaga, na ji ya yi nauyi a bayana, irin nauyin da bai yi ba tun da ya kwanta. Na yi murna, Allah ya gani na yi murna, na ce wa Inna ya yi barci. Inna ta kwance shi ta duba, ba ta yi kuka ba. Maƙwabta suka zo aka yi abin da ake yi.

Da aka dawo daga kai shi, Gwaggo ta miƙe tsaye a ƙofarta ta miƙa hannu sama. Gidan ya yi tsit har ina jin ƙarar karan a kan takarda, ƙyar, ƙyar. Inna tana jingine da bango, ta ce, "Yanzu ya halatta ko, Yaya?" Gwaggo ta gama layinta, ta barbaɗa rairayi, ta ninke.

Kafin a yi sadakar bakwai Baba ya iso. Ya shigo da buhu a ka, da abin da ya tara na iri ɗaure a ƙugunsa, wanda da ya isa kai yaro birni har a dawo. Ya sauke buhun a tsakar gida ya tsugunna a gaban yayarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Abin da ya faɗa shi ne ya kashe gidan.

"Yaya, duk na karanta. Amma na ga siriri ne, na ce da sauran lokaci."

Ashe amanar da Gwaggo take karewa ita ce ta zaunar da shi. Ya yarda da alƙalaminta har ya daina jin maganarta. Na tsani Baba a ranar, na tsani Gwaggo, na tsani karan, kuma sai da na girma na rasa wanda zan ci gaba da tsana.

Tun daga nan Inna ta rufe bakinta. Ba gaba ta yi ba, Inna ta san hukuncin gaba. Kullum da safe za ta tsaya a ƙofar ta ce, "Ina kwana, Yaya," Gwaggo ta ce, "Lafiya lau, Innar yara," shi kenan sai gobe. Ruwa ya dawo, rumbu ya cika, aka yi aure aka yi suna a gidan, na yi aure na haifi nawa, amma magana ta uku ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Inna ta zuba mata tuwo ta aika. Da Inna ta zo haihuwar bayan Auta naƙuda ta yi tsanani, Gwaggo ta kwana biyu tana rubuta allo tana wankewa tana miƙawa ta hannun ungozoma. Inna ta san hannun wadda ta rubuta, ta shanye. Da Gwaggo ta kwanta ciwon ajali, Inna ce ta juya ta, ita ta wanke mata zani, duk a shiru.

Sau ɗaya na ga sun yi wata maganar, ita ma ba da baki ba. Lokacin waya ta riga ta zo, babu mai zuwa rubuta takarda. Baba ya rasu a asibitin birni, aka bugo aka faɗa. Inna ta saurara ta miƙa wa mai wayar abinsa, idonta a bushe, kamar ba da ita ake ba. Sai ta taka ta tsaya a ƙofar Gwaggo. Gwaggo ta dube ta, ta dafa bango ta miƙe, ta zaro na saman, ta rubuta rasuwar ƙanenta ta miƙa mata. Inna ba ta iya karatu ba, ko alif ba ta sani ba. Ta kalli kaurin baƙaƙen, sannan ta fasa kuka. Wannan ne ƙarshen aikin alƙalamin a hannun Gwaggo.

Ni na yi boko daga baya har na zama malamar firamare. Wata rana ina shirya darasi a gabanta, ta ce me nake koya wa yaran. Na ce ire-iren rubutu, na labari, na siffantawa, na bayani, da na jan ra'ayi. Abin ya yi mata daɗi, ta sa na maimaita, ta ce ashe masu boko ma suna tambayar takarda aikin da za ta je yi. Na ga ranta a sake, sai na yi ƙarfin hali.

"Gwaggo, da za a dawo da ranar nan, za ki ɗauko?"

Ta daɗe tana murza carbi. Ta ce, "Uwata, da na ɗauko don Auta, gobe kowace uwa za ta zo, kuma duk da gaskiyarsu. Kafin wata ya mutu ya koma karan hura wuta."

"To kin yi daidai ke nan."

"Ban ce ba. Na riƙe wa gari abinsu, na saki ɗan ƙanena. Har yau in na miƙa hannu sama sai na ji nauyinsa a bayana, hanyar Kunci. Ban sani ba, Uwata. Kullum ina tambaya, ban sani ba."

Ba ta taɓa faɗa wa Inna wannan ba. Na ce ta faɗa mata, ta ce ba ta da bakin da za ta roƙi uwa ta yafe ɗa. Taurin kai ne ko kunya ce, Allah masani, duka biyun tana da su.

To, wannan ne abin da ke soke a saman ƙofa ranar da aka tsayar da makara.

Daga zaure aka aiko, wai rana tana yi. Matar liman ta dube ni, ni kuma na tsugunna a gaban Inna na ce, "Inna, don Allah. Mutane suna jira."

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ɗauko min shi."

Na miƙa hannu na zaro shi, gizo-gizo ya nannaɗe min yatsu. Na ɗauka murhu za ta jefa shi, kuma da ta jefa ba zan hana ta ba. Sai ta ce, "Ina kurtun?" Na lalubo shi a bayan gafaka, tawadar ta bushe ta tsage. Na ɗiga ruwa na dama da tsinke.

"Rubuta."

"Wa zan rubuta wa, Inna? Kowa ya ji a waya."

"Ni za ki rubuta wa. Ni ban yarda ta mutu ba."

Ajamin da Gwaggo ta koya min da ranƙwashi ya daɗe da yin tsatsa. Na yagi takarda na ɗora a gwiwa. Tsakar gida ta yi irin shirun da na sani tun ina yarinya, har ƙarar karan ta fito. Na rubuta salati, na rubuta sunanta, na rubuta ranar. Da na zo wajen "ki zo" na tsaya, sai kuma na rubuta, don haka ake rubutawa.

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta juya ta baya ta ga inda tawadar ta huda, ta sake juyo ta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta shiga ɗakin, ta durƙusa a wajen kan Gwaggo, daidai yadda ta taɓa durƙusa mata a ƙofar nan. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma babu wadda ba ta ji ba.

"Na yafe miki, Yaya. Ke ma ki yafe min maganar da na gaya miki." Ta gyara mata bakin likkafani. "In kin ga Auta, ki gaya masa uban ya zo."

Sannan aka ce maza su shigo.

Allah ya haskaka makwancin Gwaggo, ya karɓi abin da ta riƙe, ya yafe mata abin da ta saki, ya haɗa ta da yaron da ta goya zuwa Kunci. Alƙalamin na mayar da shi inda yake. Inna ce ta ce a bar shi, wai akwai sauran takarda ɗaya da zan rubuta da shi, kuma in tabbata na rubuta da kauri.